Muhawara: Allurar Rocephin ga yaro mai zazzaɓi, in ci gaba ko in tsaya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema da gaggawa. Ƙaramin ɗana, shekararsa huɗu, tun daren Talata jikinsa ya ɗauki zafi rau, ga amai, ba abin da yake sa wa cikinsa sai shayi. Na kai shi kemis ɗin layinmu, mai kemis ya taɓa goshinsa ya ce taifot ce da maleriya suka haɗe masa, sai an yi masa allurar Rocephin ta kwana uku. An yi jiya, an yi yau da safe. In na ba shi farasitamol zafin ya sauka, da la'asar ya dawo kamar ba a yi komai ba. Yanzu ya ce a ƙara kwana biyu a kan ukun, kuma zai zo gida ya ɗaura masa ruwa. Babansu ya yi tafiya, ni kaɗai ce. In ci gaba ko in tsaya?

Hajiyar Gwale:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, Allah ya ba shi lafiya. Ki ci gaba, allurar nan ba ta ƙarya. Ni duk jikokina ita ake yi musu in zazzaɓi ya yi taurin kai, kwana uku sun miƙe. Ƙwaya sai ta bi ciki, yaro ya amayar da ita, allura kuwa kai tsaye jini take shiga.

Sista Mai Aikin Dare:
Allah ya sawwaƙe, Maman yaro. Kafin komai ki amsa min: an ɗauki jininsa an gwada? An ɗora shi a sikeli? Yana shan ruwa ya zauna masa? Ya yi jijjiga, ko barci mai nauyi da ke wuyar tashi? Wuyansa yana lanƙwasuwa in kin ce ya kalli cikinsa?

Uwar Biyu:
Sista ba a gwada komai ba, ba a kuma auna shi ba. Yana shan ruwa kaɗan-kaɗan. Bai yi jijjiga ba alhamdulillahi, wuyan ma lafiya lau, yanzu na sa ya sunkuya.

Sista Mai Aikin Dare:
Alhamdulillahi. To don Allah kada ki bari a ɗaura masa ruwan nan a gida. Ki ɗauke shi yanzu zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke a yi masa gwajin maleriya na ɗan yatsa, minti ashirin ya fito. Ki tafi da kwalbar allurar da aka yi masa ki nuna musu. Abin da kika bayyana ya fi kama da zazzaɓin cizon sauro, kuma Rocephin ba ta taɓa ƙwayar maleriya ko kaɗan. Kwana biyun nan da aka yi, in maleriya ce, cutar tana can tana cin jininsa ba wanda ya tare ta.

Mai Kemis a Kurna:
Ni ba zan kare wanda ya yi wa yaro allura ba gwaji ba, ya yi kuskure. Amma a yi mana adalci. Ku ma'aikatan asibiti kullum mu ne abin zagi. Mace ce za ta zo maka ƙarfe goma na dare da yaro a baya, asibiti ya yi mata nisa, in ta je ma sai ta yanki kati, ta bi layi tun asuba, a rubuta mata gwaji uku da ba ta da kuɗinsu. In ka ba ta ƙwaya ta ce ita allura take so, in ka ƙi ta wuce shago na gaba. Mutanenmu sun riga sun yarda cewa magani ba ya aiki sai ya yi zafi. Kuma ku faɗi gaskiya, a asibitocin ma wa ake kwantarwa ba a rubuta masa Rocephin ba?

Likitan Yara:
Malam mai kemis, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma laifin yana kanmu. Mu ma muna rubuta ta fiye da kima, sau da yawa don kawai ɗakin gwaji ba ya aiki ko sakamakon zai ɗauki kwanaki. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da abin da allurar take, don na lura da yawa a nan suna ɗaukarta allurar zazzaɓi.

Sunan maganin seftiriyazon. Rocephin sunan da kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ya sa wa nasa ne, ya fito da shi a farkon shekarun 1980, sunan ya bi bakin mutane har duk wata kwalba daga Indiya ko Sin ana kiranta Rocephin, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Aikinta ɗaya ne: ƙwayar bakteriya tana da wani bango da ya kewaye ta, maganin yana hana ta gina bangon, sai ta fashe ta mutu. Abin da ba shi da wannan bango ba ruwansa da ita. Ƙwayar maleriya ba ta da shi. Ƙwayar mura da ta kyanda da yawancin abin da ke kawo wa yara gudawa ba su da shi. Shi ya sa in aka yi wa mai mura ita ya warke a kwana uku, Hajiya, da ma zai warke, jikinsa ne ya yi aikin.

Inda take aiki kuwa, tana aiki ƙwarai. Tana ratsawa har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, wanda magunguna da yawa ba sa iya kaiwa, don haka ita ce abin dogaronmu a sanƙarau. Muna yin ta a ciwon huhu mai tsanani, da ƙwayar cuta ta shiga jini, da taifot ta gaske da ta kwantar da mutum. Tana daɗewa a jiki, shi ya sa sau ɗaya a rana ke wadatarwa a mafi yawan cututtuka. Na ga yaran da aka shigo da su ba su san inda kansu yake ba, bayan kwana biyu suna neman koko. Saboda ina ƙaunar maganin nan ne nake jin zafin yadda ake watsa shi.

Sai maganar "taifot da maleriya". Ba a gane taifot da taɓa goshi. Ko gwajin Widal da ake yi a ko'ina ba ya tabbatar da ita, domin alamar da jiki ya bari yake nunawa, yana iya tashi ga wanda ya yi cutar bara, yana iya tashi ga mai maleriya zalla. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ɗauki jini a rene shi a ɗakin gwaji a ga ƙwayar ta tsiro, kuma wannan kwanaki yake ɗauka.

Uwar Biyu, ki bi maganar Sista, ki tafi yanzu.

Uwar Biyu:
Na gode Likita. Ga ni ina neman ɗan sahu, maƙwabciyata za ta raka ni.

Hajiyar Gwale:
Allah ya tsare hanya. Amma Likita, ni fa da idona na ga an kwantar da ɗan ƙanena da maleriya a babban asibiti, kuma wannan allurar ce aka riƙa yi masa ta kanula. To ku kuna yi, ku ce kada a yi?

Likitan Yara:
Hajiya tambayarki a kan hanya take. In aka kawo yaro a sume ko yana jijjiga, ko da gwaji ya nuna maleriya, ba ma iya rantsewa cewa babu sanƙarau ko ƙwayar cuta a jini tare da ita, alamominsu sun yi kama. A nan muna ba da biyu lokaci ɗaya: allurar atesunet don maleriya, ita ce ke kashe ta, sai seftiriyazon don kada wata cutar ta ɓuya a baya. Ɗan ƙanenki na tabbata an yi masa duka biyun, kwalaben ne suka yi kama, duk farin gari ne a ciki. Yaron da ke zaune yana shan ruwa yana magana kuwa, ƙwayar maganin maleriya ta kwana uku ta ishe shi in gwaji ya nuna ita ce.

Sista Mai Aikin Dare:
Bari in ƙara abin da ya sa na dage kan kada a ɗaura ruwa a gida, don wasu za su ga kamar tsanani ne. Akwai ruwan da ke da sinadarin kalsiyam a ciki, irin ruwan Ringa da muke yawan ɗaurawa. In seftiriyazon ta gauraya da shi suna dunƙulewa su zama kamar tsakuwa ƙanana. An sami jarirai sababbin haihuwa da suka rasu ta wannan hanya, aka tarar da abin a huhunsu da ƙodarsu, har hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2007. Wanda bai san wannan ba, zai zuƙi allurar ya tsiyaya a cikin ledar ruwan da ya samu.

Na biyu, wasu kwalayen suna zuwa da ruwan haɗi na lidoken, mai kashe zafi, saboda allurar tana da raɗaɗi sosai a tsoka. Wannan haɗin na tsoka ne kaɗai. In aka tura shi a jijiya yana iya rikita bugun zuciya. Na jijiya da ruwan allura zalla ake haɗa shi, kuma a hankali ake turawa cikin mintuna, ba a danna sirinji gaba ɗaya.

Na uku, akwai wanda jikinsa ba ya karɓarta. Cikin 'yan mintuna borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. A asibiti akwai adirenalin da iskar oksijin a kusa. A tsakar gida me za a ɗauko? Duk wanda ya taɓa yin mummunan bori da allurar fenisilin ko danginta, dole ya faɗa kafin a taɓa shi.

Anti Mai Jego:
Innalillahi. Sista, jaririna kwanansa shida, idonsa ya ɗan yi ruwan ɗorawa, surukata ta ce ciwon shawara ne, a kai shi a yi masa allurar nan guda biyu ta wanke. Gobe da safe muka shirya zuwa.

Sista Mai Aikin Dare:
Anti don girman Allah kada ku yi. Jariri mai shawara yana cikin waɗanda aka haramta wa wannan allura. Abin da ke sa idon ya yi rawaya yana maƙale ne da wani sinadari a jini, allurar tana ture shi daga wurin, ya sami hanyar hayewa ƙwaƙwalwa. Daga nan ne ake samun yaron da ba ya ji, ko wuyansa bai tsaya ba har ya girma. Ki kai shi asibitin da ke da sashen jarirai a auna yawan shawarar, in ta kai a sa shi a ƙarƙashin fitila. Ki ci gaba da ba shi nono akai-akai. Ki karanta wa Mama wannan da ladabi, ita ma lafiyar jikanta take nema.

Anti Mai Jego:
Na ji, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa babansa ya yi mata bayani, ta fi jin maganarsa.

Baban Ƙauye:
Ni abin da zan faɗa ya faru a gidana. 'Yata ta uku tana shekara biyar ta yi zazzaɓi, wani mai yawo da jaka a babur ya yi mata allura a mazaunai. Ta ƙwalla ƙara ta ce ƙafarta. Muka ce zafin allura ne. Gari ya waye ba ta iya taka ƙafar. A asibiti aka ce allurar ta sami babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, wai akwai gefen da ake yi, can sama ta waje, yaro ƙarami ma a cinya ya fi. Mun yi wata takwas muna zaryar gashi. Yau shekararta goma sha huɗu, tana tafiya amma tana jan ƙafar, takalmin gefe ɗaya ne ke cinyewa. Ni na riƙe ta da hannuna aka yi mata, shi ne abin da har yau bai bar ni ba. Duk mai ɗa a nan ya tambayi mai riƙe da sirinji ina ya koya.

Hajiyar Gwale:
Allah sarki. Allah ya ba ta miji nagari, ya sa kaffara ce.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake bin zancen. Ina so mutane su san darajar allurar ga, don mu da muke cikin yankin sanƙarau mun san ta. Da, in annoba ta taso lokacin zafi, wata allura mai mai ta kuloramfenikol ake yi wa mutane sau ɗaya. A 2003 aka yi gwaji a nan ƙasarmu, aka ga allurar seftiriyazon guda ɗaya tana yin aikin da waccan ke yi ga sanƙarau na annoba, kuma ta fi sauƙin samu. A ƙauyen da lokotoro ɗaya ke duba ɗaruruwan mutane ƙarƙashin rumfa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In muka lalata ta a kan mura da ciwon kai, ranar da sanƙarau ya dawo da me za mu tare shi?

Malamin Tarihi:
Tun da an ambaci sanƙarau, kada a manta da 1996 a Kano, shekarar da cutar ta kashe dubban mutane a arewa. A asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan, rabin kuma wannan seftiriyazon ɗin ce aka ba su don kwatantawa, kuma cikin ƙorafin da aka kai kotu har da cewa an rage musu adadinta. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Na kawo wannan ne don Likita ya gane, in talaka ya fi sakin jiki da mai kemis ɗin da ya sani tun yana yaro a kan farar riga, akwai dalili. Yadda mutane suka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 duk mun gani.

Likitan Yara:
Malam ban musa ba, wannan tabo ne da har yau muke biyan bashinsa a ɗakin duba marasa lafiya. Sai dai ina roƙon kada ya hana mutane rigakafin sanƙarau. Tun da aka fara rigakafin da ake kira MenAfriVac a 2010, nau'in da ya yi ɓarnar 1996 ya kusa ɓacewa. Wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017 wani nau'in ne daban, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ta haɗa nau'i biyar.

Bari in koma kan alkawarin da na yi wa mai kemis, wanda kuma shi ne tambayar Ɗan Maraɗi. Duk lokacin da aka yi wa mutum allurar nan, ko yana buƙata ko ba ya buƙata, tana bi ta kan biliyoyin ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsa. Masu rauni su mutu, masu dabarar kare kansu su rage su hayayyafa. Wasu suna fitar da wani sinadari da ke yanka maganin kafin ya taɓa su, kuma suna iya miƙa wa junansu wannan dabara. Daga bayan gida su shiga ruwa, su shiga hannu, su shiga maƙwabta. Ba labarin nesa ba ne. A lardin Sindh na Fakistan, tun 2016 aka sami taifot da ba ta jin seftiriyazon, ta kama dubban mutane, yawanci yara. Ciwon sanyi na mu'amala ya riga ya gama da magunguna ɗaya bayan ɗaya, wannan ce ta rage da ake dogaro da ita, har an ƙara yawan da ake yi. Babban ƙiyasin da aka yi na shekarar 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa asara. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta sa seftiriyazon a rukunin magungunan da ake sa wa ido, waɗanda ba a fara ɗaukowa sai da dalili.

A sashenmu ina ganin haka da idona. Jariri ya zo da ƙwayar cuta a jini, a yi magani kwana uku zafi bai sauka ba, sakamako ya fito ƙwayar ba ta jin komai sai wani magani da kuɗin kwana ɗayansa ya fi abin da uban yake samu a mako.

Mai Kemis a Kurna:
Na ji duka, Likita, kuma na ƙaru, musamman maganar ruwan Ringa da jariri mai shawara. Na san lasisinmu bai ba mu damar yin allura ba. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: in ni na daina, na gaba da ni ba zai daina ba, kuma matar nan ta ƙarfe goman dare ba ta da inda za ta. Ku gyara asibitin unguwa ya riƙa kwana a buɗe da ma'aikaci a ciki, ku ga in za a zo wurinmu neman allura.

Sista Mai Aikin Dare:
Wannan kukan namu ne mu duka, ni kaina ni kaɗai nake kwana da gado ashirin. Amma akwai abin da ke hannunka tun yau, Malam. Ka ajiye kayan gwajin maleriya a shago, ba su da tsada. In ya nuna, ka ba da ƙwayar kwana uku. In yaro yana jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko wuya ya sanƙare, ka tura su asibiti ko da za su ji haushinka. Matan unguwa suna lura da wanda yaransu ke warkewa a hannunsa.

Mai Kemis a Kurna:
Kayan gwajin ina da su, mutane ne ke ƙin biyan kuɗinsa. Zan gwada haɗa shi cikin kuɗin magani in gani.

Uwar Biyu:
'Yan'uwa mun dawo. Gwajin ya nuna maleriya ce, layi biyu suka fito. Sun duba jininsa sun ce ya yi ƙasa amma bai kai a ƙara masa ba. An auna shi kilo 15, an ba shi ƙwayar kwana uku safe da yamma, ya sha ta farko a gabansu bai amayar ba. Na nuna kwalbar, ma'aikaciyar ta ce a dakatar da allurar, ba ta ga alamar taifot ba. Yanzu yana barci, jikin da ɗan ɗumi. Sista, mai kemis ya riga ya karɓi kuɗin allurar gobe, kuma yaron yana kuka in na taɓa inda aka yi masa ta jiya, wurin ya ɗan yi tauri.

Sista Mai Aikin Dare:
Alhamdulillahi. Ta gobe kada a yi, ki ce masa asibiti sun dakatar, ya ba ki farasitamol na ruwa da haɗin gishiri da sukari a madadin kuɗin. Ƙwayar ki ba shi duka sau shida ɗin ko da ya tashi yana wasa, ta biyu bayan awa takwas da ta farko, kuma ki haɗa masa da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, ta fi shiga jiki. In ya amayar cikin rabin awa ki sake ba shi. Wurin allurar ki riƙa ɗora tsumma mai ɗumi. In ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi, ko kika ga yana ɗingishi, ki mayar da shi a duba. Haka in zazzaɓin bai sauka ba bayan kwana biyu.

Uwar Biyu:
To Sista, na sa ƙararrawa a waya, ƙarfe biyun dare ne lokacin ta biyun. Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti Mai Jego, don Allah ki sanar da mu yadda kuka yi gobe.